Yadda ake mallakar suna a intanet, a kuma mayar da tsohuwar kwamfuta saba a gida

A kan kabad ɗin ɗakina akwai wata tsohuwar laftof da gilashinta ya tsage tun da daɗewa. Kullum a rufe take, ba abin da ake gani sai 'yar koriyar fitila da ke ƙiftawa a gefenta. Ita ke riƙe da shafina na intanet, da hotunan iyalina, da karatuttukan da nake saurara a mota. Na haɗa wa 'yan'uwa da abokai irin wannan sau da dama, kuma kusan wuri ɗaya kowa ke tuntuɓe, shi ya sa zan bi da kai hanyar daki-daki.

Abu biyu ne a nan. Na farko suna, wanda ake ce wa domen, kamar sunanka.com.ng. Na biyu saba, wato kwamfutar da ba a kashewa, mai amsa wa duk wanda ya nemi sunan nan. Tun ranar 1 ga Yuni, 2021 da Google ya daina ba da wurin ajiyar hotuna kyauta mara iyaka, giga 15 ɗin da ake ba mutum ya zama na Gmail da Drive da hotuna gaba ɗaya, mutane da yawa suka gane cewa a gidan wani suke zaune. Sunan ma haya ne, duk shekara ake biya, amma haya ce da kai ke riƙe da mukullinta, kuma duk inda ka koma da kayanka sunan na biye da kai.

Kayan aiki

- Tsohuwar laftof mai RAM giga 4 aƙalla. Giga 8 ya fi, musamman idan hotuna za ka ajiye. Ko allonta ya tsage ba komai, muddin za ka iya ganin rubutu a ranar farko.
- Filashi mai giga 8, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa.
- Rauta da kebul ɗin da zai haɗa ta da laftof.
- Faifan ajiya na waje, irin mai shiga ta USB, don kwafin ko-ta-kwana.
- Wata kwamfutar da za ka riƙa ba sabar umarni daga kanta.
- Katin banki, da adireshin imel ɗin da kake buɗewa kullum.

Za ka ji ana yabon Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ta fito a 2012, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Tana da kyau, ba ta shan wuta. Amma a wurin da ake ɗauke wuta ba sallama, na fi son laftof, don da batirinta take zuwa. Idan muka ɗauka tana shan wat 15 a rufe, a yini wat-awa 360 ke nan, kusan yunit 11 a wata. Ƙaramar sola da batir ɗaya za su riƙe ta. Rautar ma ka saya mata ɗan batirin nan mai bolt 12, don saba mai rai da mataccen rauta daidai suke da babu.

1. Sayen suna

Zaɓi suna gajere da za ka iya faɗa wa mutum a waya ya rubuta daidai ba tare da ka maimaita ba. Ka guji kalmar da ke da ƙ, ɗ ko ɓ idan cire lanƙwasar zai sauya ma'ana, domin a adireshi da haruffa marasa lanƙwasa mutane za su rubuta. Ka gwada rubuta shi haka, ka karanta da ƙarfi kafin ka biya.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng hukumar NiRA ce ke kula da su, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Amfaninsu shi ne da naira za ka biya, kuma .com.ng ya fi .ng zalla araha. Na Nijar .ne ne. Idan kana son .com, shi ma kamfanonin gida suna sayarwa.

Ga jan kunne uku. Ka duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, don wasu kan karya farashin shekarar farko ne kawai. Ka yi rajista da sunanka da imel ɗinka, kada ka bari wanda ya taya ka aiki ya sa nasa. Na ga mai shagon da ya rasa sunan kasuwancinsa saboda yaron da ya yi masa rajista ya bar gari ya canza lamba. Na uku, ka rubuta ranar ƙarewa a kalandar wayarka da tunatarwa wata guda kafin lokaci. Sunan .com idan ya wuce wa'adin alfarma yakan shiga kwana 30 na fansa, kuma kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan nan kowa na iya saye.

2. Miƙa ragamar suna ga Cloudflare

Ilimin da kake buƙata a nan kaɗan ne. DNS kamar littafin lambobin waya ne: ka ba shi suna, ya ba ka lamba. Shigarwa mai alamar A tana haɗa suna da lambar kwamfuta, CNAME tana haɗa suna da wani suna, MX kuma tana nuna inda wasiƙu za su sauka.

Buɗe asusun kyauta a Cloudflare, kamfanin da zai riƙe maka wannan littafin na DNS, ka shigar da sunanka. Za su ba ka adireshi biyu masu ƙarewa da ns.cloudflare.com. Koma wurin da ka sayi sunan, ka nemi inda aka rubuta Nameservers, ka goge na ciki ka sa waɗannan biyun. Wani lokaci cikin awa guda ya kama, wani lokaci sai ya kwana. Kada ka yi ta sauyawa don ka ƙosa, ka bar shi.

Da zarar ya kama, ka samu riba ta farko tun kafin ka taɓa laftof. Kunna Email Routing a cikin Cloudflare, ka ce duk wasiƙar da aka aiko wa ni@sunanka.com.ng a tura ta akwatinka na Gmail. Karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa, amma ya isa ka sa a katin kasuwanci.

3. Girka Ubuntu Server

Sauke Ubuntu Server 24.04, tsarin da zai tafiyar da laftof ɗin a madadin Windows, wanda ya fito a Afrilun 2024 kuma ake kula da tsaronsa shekara 5. Rubuta shi a kan filashi da Rufus ko balenaEtcher. Kafin ka ci gaba, kwashe duk abin da kake so daga tsohuwar laftof, don girkawar za ta share komai.

Sa filashin, kunna laftof kana danna F12 ko F9 ko Esc, ya danganta da kamfanin da ya ƙera ta. Bi tambayoyin. Idan ka zo inda aka rubuta Install OpenSSH server, ka tabbata ka zaɓe shi, shi ne zai ba ka damar shiga daga nesa. Bayan ta tashi, shiga ka rubuta:

`sudo apt update && sudo apt upgrade -y`

`hostname -I`

Umarni na biyu zai nuna maka lambarta a cikin gida, wani abu kamar 192.168.1.50. Shiga saitin rauta ka ɗaure wannan lambar ga laftof ɗin don kada ta canza gobe.

Saura murfi. Idan ka rufe laftof barci za ta yi, shafinka ya ɓace. Buɗe fayil ɗin nan da `sudo nano /etc/systemd/logind.conf`, nemo layin `HandleLidSwitch`, cire alamar # da ke gabansa, ka mayar da shi `HandleLidSwitch=ignore`. Ajiye, ka sake kunna ta. Idan a saitin BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna laftof, akwai zaɓin ta kunna kanta idan wuta ta dawo, ka kunna shi. Ba kowace laftof ke da shi ba.

4. Kulle ƙofa

Daga ɗaya kwamfutar, rubuta `ssh-keygen -t ed25519`. Zai ƙera maka mukulli biyu, na sirri da na fili. Tura na filin zuwa saba da `ssh-copy-id sunanka@192.168.1.50`, inda sunanka ke nufin sunan shiga da ka zaɓa lokacin girka Ubuntu. A Windows babu wannan umarnin, sai ka buɗe fayil mai ƙarewa da .pub, ka kwafi layin da ke ciki, ka manna shi a `~/.ssh/authorized_keys` a kan sabar.

Gwada shiga da `ssh sunanka@192.168.1.50`. Idan ta buɗe ba ta nemi kalmar sirrin sabar ba, sai ka hana shiga da kalmar sirri gaba ɗaya: a `/etc/ssh/sshd_config` ka sa `PasswordAuthentication no`. Ka leƙa cikin foldar `/etc/ssh/sshd_config.d/` ma, don Ubuntu kan ajiye wani ɗan fayil a can mai cewa yes, kuma maganarsa ke rinjaye. Sannan `sudo systemctl restart ssh`. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka ga ta shiga. Wanda ya tsallake wannan yakan kulle kansa a waje, sai ya sauko da laftof daga kan kabad.

5. Docker da shafin farko

Docker yana sa kowace manhaja a cikin nata akwatin, ta yadda idan ɗaya ta lalace sai ka jefar da ita ba tare da ta shafi saura ba.

`sudo apt install docker.io docker-compose-v2 -y`

Ƙirƙiri folda mai suna `gida`, a cikinta wata mai suna `shafi`. A cikin `shafi` ka rubuta fayil `index.html`, ko da sallama ce kawai da lambar shagonka. A cikin `gida` kuma ka rubuta `compose.yaml` kamar haka:

```
services:
  shafi:
    image: caddy:2
    restart: unless-stopped
    ports:
      - "127.0.0.1:8080:80"
    volumes:
      - ./shafi:/usr/share/caddy
```

Tazarar farkon layi tana da muhimmanci a wannan fayil, kuma da maɓallin tazara ake yin ta, ban da Tab. Daga cikin foldar `gida`, rubuta `sudo docker compose up -d`, sannan `curl localhost:8080`. Idan ka ga sallamarka ta fito, shafi ya tashi.

Lura da 127.0.0.1 da na sa a gaban 8080, lambar ƙofar da shafin ke amsawa ta cikinta. Ma'anarsa sabar ce kaɗai ke iya ganin wannan ƙofar. Mutane da yawa suna kunna ufw, katangar tsaron da ke zuwa da Ubuntu, su ɗauka sun tsira, alhali Docker yana buɗe ƙofofinsa ta bayan katangar.

6. Fitar da shafi duniya

A nan yawancin masu koyo ke sarewa. Tsofaffin bayanai za su ce ka buɗe ƙofa 80 da 443 a rauta, ka sa lambar gidanka a shigarwar A. Za ka yi haka ka ga shiru. Dalili shi ne layukan waya, har da Starlink na gida, suna raba lamba ɗaya ta waje ga mutane da yawa, tsarin da ake kira CGNAT. Duba lambar da rautarka ta samu daga kamfani: idan ta faro daga 100.64 zuwa 100.127, ko da 10, to ba wanda zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje.

Mafita ita ce sabarka ta fita da kanta ta riƙe hanya. A cikin Cloudflare nemi sashen Tunnels, ƙirƙiri sabo, zaɓi Debian, shi ne ya dace da Ubuntu. Za su ba ka umarnin girka `cloudflared` da wani dogon umarni mai ɗauke da lambar sirri. Manna su a sabar. Wannan lambar sirrin kada ka tura wa kowa, ko a hoton allo. Sai ka ce musu www.sunanka.com.ng ya tafi `http://localhost:8080`. Kashe waifai a wayarka, buɗe sunan da data. Ganin shafinka ya buɗe daga laftof ɗin da aka yi niyyar jefarwa, abu ne da har yau yake faranta mini rai duk lokacin da na haɗa wa wani.

Iyakarsa biyu. A tsarin kyauta, fayil ɗin da za a loda a tashi ɗaya ba ya wuce mega 100, don haka bidiyon biki ba zai bi ta nan ba. Kuma duk baƙon da ya buɗe shafinka datar gidanka yake ci.

Idan wuta ko data ba za su bari ba, akwai hanya biyu. Shafi mara motsi, na rubutu da hotuna kawai, ka ɗora shi kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages, ka haɗa da sunanka. Ko ka yi hayar 'yar saba a wata cibiyar bayanai, wadda ake ce wa VPS, ana biya wata-wata. Ita tana da lambarta ta waje, sai ka sa lambar a shigarwar A, Caddy kuma, manhajar da ke nuna shafin a mataki na 5, ya karɓo maka takardar tsaro daga Let's Encrypt da kansa, yana sabunta ta kafin ta ƙare.

7. Kayan cikin gida su tsaya a cikin gida

Ba kowane abu ake fitarwa fili ba. Hotunan iyali da kalmomin sirri ba su da abin yi a bainar jama'a. Don su ina amfani da Tailscale, wanda kyauta ne ga amfanin mutum na kansa. Girka shi a saba da `curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh`, sannan `sudo tailscale up`. Sa manhajarsa a wayarka da asusu ɗaya. Daga nan wayarka da sabar sun zama kamar suna ɗaki ɗaya, ko kana Kano sabar na Zariya.

Wata dabara: Tailscale zai ba sabar lamba mai farawa da 100. Je Cloudflare ka ƙirƙiri shigarwar A mai suna `hotuna`, ka sa wannan lambar, ka kashe alamar gajimaren ruwan lemo ta koma toka-toka. Yanzu hotuna.sunanka.com.ng yana aiki a na'urorinka kaɗai. Wani ko ya san sunan ba inda zai kai shi.

8. Me za ka ɗora a kai?

Suna ɗaya na iya haifar rassa iya son ranka ba tare da ƙarin kuɗi ba, kowane reshe da aikinsa. Shawarata ka ɗora abu ɗaya, ka yi wata guda kana amfani da shi, sannan ka ƙara.

Immich shi ne wanda ya fi canza mini rayuwa. Yana kwashe hotunan waya da kansa, yana gane fuskoki, yana jera su bisa kwanan wata. Ka bi fayil ɗin compose da masu shi suka bayar, kada ka ƙirƙiri naka, kuma a ƙofa 2283 yake amsawa. Ka saita manhajar wayar ta riƙa lodi a kan waifai na gida kawai. Shi ne mai cin RAM, musamman a daren farko da yake tantance dubban hotuna, za ka ji fankar laftof na kuka har asuba.

Navidrome na sauti ne. Idan kana da tarin karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi ko darussan da aka naɗa, zuba su a folda ɗaya, ka gyara sunayensu, sai ka saurara daga ko'ina. Jellyfin, wanda ya samo asali a 2018, haka yake yi wa bidiyo.

Kiwix ya dace da makaranta ko gidan da yara ke karatu. Ana sauke Wikipedia sukutum a fayil ɗaya, har da ta Hausa, sai duk wanda ke kan waifai na gidan ya karanta ba tare da an taɓa data ba.

Nextcloud, wanda Frank Karlitschek ya kafa a 2016, yana maye gurbin Drive da kalanda da lambobin waya. Yana da nauyi da saituttuka masu yawa, kada ya zama na farko. Vaultwarden na ajiye kalmomin sirri, yana aiki da manhajojin Bitwarden, amma ba na ba kowa shawarar sa shi sai ya ƙware a mataki na 9.

Idan kana koyon rubuta manhaja, a nan ne filin yake. Rubuta ɗan shirin gajarta adireshi, ta yadda sunanka.com.ng/kaya zai kai mutum jerin farashinka. Ko littafin bashi na shago. Ko rajistar adashe da ke nuna wanda ya zuba da wanda zai kwasa. Ko bishiyar zuriyarku, tun dattawan da suka san sunayen kakanni suna raye. Abin da gidanku ke buƙata da gaske ya fi koya maka aiki a kan darasi ɗari.

Abu ɗaya da zan hana ka: kada ka ce za ka haɗa sabar aika imel a gida. Kamfanonin intanet da yawa sun toshe ƙofa 25, kuma manyan masu karɓar wasiƙu ba sa yarda da lambobin gidaje. Wasiƙarka za ta riƙa faɗawa kwandon shara ba ka sani ba.

9. Kwafin ko-ta-kwana

Faifan tsohuwar laftof zai mutu, lokaci ne kawai. Nawa na farko ya fara wani ɗan ƙara kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kofi, na ce gobe zan kwashe, goben ba ta same shi da rai ba. Hotunan sunan 'yata na wata uku suka tafi, sai 'yan kaɗan da na roƙo daga wayoyin dangi.

Ƙa'idar da ake bi ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 daga ciki a wajen gida. Mafi sauƙi, sa faifan waje ka haɗa shi da foldar `/mnt/faifai`, tsayar da manhajoji da `sudo docker compose down`, kwafa da `sudo rsync -a ~/gida/ /mnt/faifai/gida/`, sannan ka tashe su. Tsayarwar wajibi ce, domin rumbun bayanan da aka kwafa yana cikin aiki yakan fito a gurguje. Idan ka gama, zare faifan. Wanda aka bari a jone, wutar da ta ƙona laftof za ta haɗa da shi.

Na wajen gida, ko dai faifai na biyu da za ka riƙa kaiwa gidan ɗan'uwa duk wata, ko manhajar restic da ke kulle bayanai da kalmar sirri kafin ta tura su ma'ajiyar haya. Kalmar sirrin restic ka rubuta ta a takarda ka adana, idan ta ɓata ba mai buɗe maka. Duk bayan wata uku ka ɗauko hoto guda daga cikin kwafin ka buɗe, ka ga da idonka yana nan.

10. Kulawa

Duk mako biyu ka shiga ka yi `sudo apt update && sudo apt upgrade`. Na Docker kuma `sudo docker compose pull` sannan `up -d`, amma ka yi kwafi tukuna, ka kuma karanta bayanin sabon fitowa, don wani sabuntawar kan zo da canjin da sai ka gyara fayil ɗinka. `df -h` zai nuna maka sauran wuri a faifai, kada ka bari ya haura kashi 85 cikin ɗari.

Jikin laftof ɗin ma yana son kulawa. Ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, nesa da taga da rana. Lokacin hunturu ƙura kan toshe fanka cikin 'yan makonni, sai ka kashe ta ka share ramukan da busasshen buroshin haƙori. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, ka riƙa taɓa ta da rana. Idan ka ga wurin linzamin ya ɗago ko ƙasanta ya yi tudu, batir ne ya kumbura: kashe ta nan take, cire batirin, kada ka huda shi, ka mayar da ita kan inbata ko ka sa sabon batir kafin ka sake kunnawa.